Safa a Tsakiyar Bazara

Tun kuna ƙanana kuke tambayata abin da ya sami hannun babanku na hagu, ni kuma amsata ba ta taɓa canzawa ba: dutsen guga ne ya ƙone shi. Ban yi muku ƙarya ba, amma ban faɗa muku duka ba, domin shi ne ya roƙe ni in yi shiru sai ƙasa ta rufe masa ido. To ta rufe, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. A wurin zaman makoki na hangi wata tsohuwa da ta zo daga Keita ta ja matar Isufu gefe tana yi mata raɗa, na kuma ga yadda fuskar yarinyar ta sauya. Tun ranar na san lokaci ya yi. Gara ku ji daga bakina, ni da nake tsaye a wurin, da ku tsinci guntu-guntu a bakin waɗanda suka leƙo ta kan katanga.

Ku kun san shi da furfura, a Madawa. Ni na san shi yana saurayi a Keita, lokacin da ya dawo daga Abijan bayan ya yi shekaru yana tsaron shagon wani mai sayar da yadi. Ya buɗe rumfarsa a kasuwa, kafin a jima duk garin ya manta sunansa na yanka, sai Ɗan Kwalisa. Kun san bazarar Adar. Duwatsun tudu su sha rana tun hantsi, da azahar su dawo da ita kan mutane, iska ta riƙa busowa kamar daga bakin maƙera. A irin wannan lokaci manyan mutane ma sai ka gan su a gindin bishiya da 'yar shara, rawani a kan gwiwa, ana fifita da gefen riga. Shi kuwa sai ya ratso tsakiyar kasuwa cikin farin boyel, babu ɗigon zufa a wuyan rigarsa, kamar yanzu aka tsamo shi daga randa. Mata masu ɗaukar duwatsu a wurin aikin gyaran ƙasa, in sun sauko da la'asar jikinsu duk jar ƙasa, sukan tsaya su bi shi da kallo suna dariya, suna cewa wannan ko rana kunyarsa take ji.

Da aka kawo ni amarya daga Urno, a tsakiyar zafi ne. Na sha leshi mai nauyi, ƙarƙashinsa rigar targal, yadin nan na roba, na shafa mai na bi da hoda. Kafin mu iso hodar ta narke ta yi min layi-layi a fuska kamar gonar da aka yi wa huɗa. Sai da muka saba, wata rana da hantsi ya zazzage akwatina a kan tabarma yana ware kayan gida biyu.

"Dije," ya ce, "a bazara wanda ya rage shi ya hi kyau. Wanga ki aje shi sai sanyi. Wanga ma. Targal ba tuhwa ba ne, buhun taki ne."

A hannunsa na koyi duk abin da ku 'yan matan kuke tsammani nawa ne. Auduga zalla, ɗinki sako-sako yadda iska za ta shiga ta wuya ta fita ta hannu. Fari, ko ruwan toka, ko shuɗi mai haske. Sitati kaɗan, don in ya yi yawa yana toshe idon yadi. Alif a hammata bayan wanka. Turare ɗigo ɗaya a jikin tufa, ba a fata ba, don turare in ya gamu da zufa ya zama abin gudu. Ni ya sa na bar hoda na riƙe kwalli, na koma kitso ƙanana da ake tattarawa sama don ƙeya ta sha iska, na riƙa ƙunsa lalle a tafin ƙafa saboda sanyinsa. Shi kuma kowace Alhamis wanzami ya zo ya yi masa aski ƙwal, ya gyara masa gemu. Takalminsa buɗaɗɗe ne na fata, ƙirar garin Tawa. In ya ga ma'aikacin buro, irin masu aikin ofis, ya matse wuya da ɗamara, ya cusa ƙafa cikin safa da rufaffen takalmi, sai ya girgiza kai ya ce bawan Allah yana dafa kansa da kansa. Abu ɗaya ne bai taɓa sakar min ba: guga. Wanki nawa ne, amma shi zai zuba garwashi a dutse, ya shimfiɗa bargo a inuwar dogon yaron tsakar gida, ya goge kayansa yana 'yar waƙa a ciki-ciki.

Haka muka zauna har na haifi ta fari, wadda ba na kiran sunanta, na haifi Isufu, na zo ina goyon Rabi. A wannan shekarar bazara ta shigo da wuri, ta kuma zo da ƙarfin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Kaji suna buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, ruwan randa ma sai an bari ya huce. A cikin wannan zafin ne babanku ya dawo daga wurin tela da riguna masu dogon hannu, maɓalli har wuyan hannu, maɓalli har maƙogwaro. Washegari na ga ya zauna bakin gado yana zura safa. Safa, a tsakiyar bazara, shi da yake yi wa masu sa ta dariya. Ya bi ta da rufaffen takalmi. Ya bar hula ya koma naɗa rawani yana rufe kunnuwa. Turaren da yake ɗigawa sai ya koma kwarara shi, har in ya fita zaure ya daɗe yana ƙamshi. Ya fi da kyau a ido, ba zan ɓoye ba, mutane ma suna cewa Ɗan Kwalisa ya ƙara wuta. Amma ni da nake wanke kayan na san yadda suke dawowa sharkaf, da farin gishirin zufa a gadon baya.

Ba tufa kaɗai ta canza ba. Ya daina cin tuwo da maƙwabta a ƙofar gida, ya ware kwanonsa da moɗarsa ya ce kar kowa ya taɓa. In an miƙo masa hannu sai ya dafe ƙirji ya sunkuya. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure, wai ɗaki ya yi zafi. Wanda ya fi ci min rai shi ne na Isufu. Yaron ya saba in ya ji motsin babansa sai ya sheƙo da gudu ya rungume masa ƙafa. Wata la'asar ya sheƙo kamar kullum, sai babanku ya ja da baya ya daka masa tsawa, tsawar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Yaron ya tsaya cak, hannuwansa a buɗe, ya rasa laifin da ya yi. Wan babanku, Baba Illo, har gida ya tako ya same ni.

"Mi ya samu ƙanena?" ya ce. "Jiya a gaban jama'a na ba shi hannu ya bar ni da shi a sama. In arziki ne ya hau mishi kai, ki gaya mishi tsiya da arziki duk baƙi ne."

Na ba shi haƙuri. Na dai tuna tun cikin sanyi na taɓa ganin wani tabo fari-fari a bayansa yana shirin wanka, na ce masa ƙyasbi ya fito masa, in nemo masa magani. Ya figi riga ya rufe. Ban sake ganin bayansa ba.

Ranar wata Juma'a da hantsi na ce yau sai ya gaya min. Na tura ku manyan biyu gidan maƙwabta, na goya Rabi, na same shi a gindin dogon yaro yana gugar rigar masallaci. Na durƙusa a gabansa na ce Malam, magana gare ni. Ya jingine dutsen a tsaye a gefen bargo, ya juyo gare ni, ya dogara da hannunsa na hagu a ƙasa. Na fara magana. Na ce in wani laifi na yi a faɗa min, in kuma yaran ne a hukunta su a wuce wurin, amma wannan zama ba zama ba ne. Yana saurarena, har da ɗan murmushin nan nasa na kwantar da hankali. Ina cikin magana sai na ji ƙauri. Na zaci rigar ce, na kai ido, riga tana nan fes. Na zaci bargon ne. Sai na ga wani siririn hayaƙi yana tashi daga gefen hannunsa. Gefen tafinsa da ɗan ƙaramin yatsa suna manne da fuskar dutsen, dutsen da in ka tofa masa yawu sai ya yi tsalle. Naman yana ci, yana wani ƙara siriri, shi kuwa idonsa a kaina.

"Ina jin ki," ya ce. "Mi kike kallo?"

Ban san na yi ihu ba sai da na ji Rabi ta tsandara kuka a bayana. Ya bi idona da kallo, ya ga abin da na gani, ya janye hannun. Fatar ta zauna a jikin dutsen. Bai ce wayyo ba, bai yarfe hannu ba, ko fuska bai yamutsa ba. Ya ɗaga hannun yana juya shi kamar na wani ne aka ba shi ajiya. Na taɓa ganin ƙuna, na taɓa ganin jini, amma ban taɓa ganin mutum yana ƙonewa yana murmushi ba. Har yau in ana babbakar kai da ƙafa da layya, sai in bar tsakar gida.

Da na tashi na kawo ruwa na tsoma hannun, sai ya ce mu shiga ɗaki. Ya sa na saki labule. Ya kwance rawani, na ga kunnuwansa sun yi kauri sun yi sheƙi. Ya ɓalle maɓallan, na ga tabon nan ya haihu, ya bazu a damatsa da ƙirji. Sannan ya tuɓe safar. A tafin ƙafarsa ta dama akwai wani rami mai zurfi, ya ce tsakuwa ce ta shiga takalminsa ya yini yana taka ta bai sani ba. Warinsa ne yake binnewa da turare.

"Ke ma kin san sunanta," ya ce. "Kuturta ce, Dije."

Ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Yana yaro a ƙauyensu, akwai ƙanwar kakarsa da ciwon ya kama. Aka yi mata bukka a bayan gari, ana kai mata abinci a sakaina a ajiye daga nesa, in ta ɗauka a fasa sakainar. Ya ce yana tuna ta tana ɗaga musu dungulmin hannu in sun wuce da awaki, su kuma su zuba da gudu. Tun ranar da ya ɗauki butar shayi daga kan wuta bai ji zafi ba ya gane abin da ke jikinsa. Shi ya sa ya ware kwano, shi ya sa ya kori Isufu. Sannan ya faɗi abin da ya ƙarasa ni. Ya riga ya yi magana da wani direban kamiyo, babbar motar da ke jigilar albasa. Da an yi ruwan farko zai bi shi kudu, ya ɓace inda ba wanda ya san shi, a ce ya tafi cin rani bai dawo ba.

"In na tahi da kayana masu kyau, haka za a tuna da ni. Ɗiyana ba za a ce musu ɗiyan kuturu ba. Ke kuma zan sawwaƙe miki, ki koma Urno da mutuncinki."

Na dube shi. Mutumin da na sani da ƙamshi, yana zaune bakin gado ba riga, hannu a cikin ƙwarya. Tsoro nake ji, ba zan yi muku alfahari ba, har na lura na ja Rabi na matse ta a ƙirji nesa da shi, shi ma ya lura. Amma da na yi tunanin sa a wata tasha a kudu, shi kaɗai, ba mai gaya masa cewa hannunsa yana kan wuta, sai na ji wannan ya fi ba ni tsoro.

"Ba inda za ka," na ce. "In tahiya ce, likita za mu."

Muka bar ku biyun wurin matar Baba Illo, muka ce za mu sarin yadi. Motar kasuwa ta kai mu Madawa, daga can muka sake wata zuwa wani asibiti da aka ce suna duba irin wannan ciwon. Majon da ta gan mu, wato babbar ma'aikaciyar jinyar wurin, dattijuwa ce, ba ta ko ja da baya ba, ta kama hannun da nata hannun tana wanke ƙunar. Ta sa ya rufe ido, ta ɗauki 'yar auduga tana taɓa shi nan da can tana cewa ya nuna inda ta taɓa. A goshi ya nuna, a kafaɗa ya nuna. Da ta zo kan tabo, da hannun hagu, da tafin ƙafa, sai ya zauna shiru idonsa a rufe yana jiran ta fara, alhali ta daɗe da gamawa. Nan na juya na fuskanci bango. Bayan sun gama bincikensu ta zaunar da mu ta ce ciwon yana da magani, kuma kyauta ne, zai sha wata da watanni ba fashi. Ta ce da zarar ya fara sha ba zai sa wa kowa ba, ya ci da iyalinsa, ya ɗauki 'ya'yansa. Ta duba ni, ta duba Rabi, ta ce in kawo sauran, kuma duk aka same ku lafiya. Babanku ya tambaye ta har sau nawa ban sani ba, ko da gaske zai iya ɗaukar yaro. Amma ta ce jijiyar da ta mutu ta mutu, da ya zo tun ganin tabon farko da hannun bai kai haka ba. Ta kuma gargaɗe mu cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin zai rina masa fata.

Ranar da muka dawo, tun daga zaure ya durƙusa ya kira Isufu. Yaron ya maƙale a bayana ya ƙi zuwa. Sai da aka yi kwanaki yana lallashinsa da alewa.

Na zaci mun tsira. Ashe ciwon ne mai sauƙin magani. Kafin damina ta yi nisa fatarsa ta rine ta koma wani baƙi mai ja-ja kamar gindin tukunya, kuma ba rigar da za ta rufe fuska. Ga shi an ce wani ɗan garinmu ya hange mu a layin asibitin. Wanzamin da ya yi shekaru yana zuwa kowace Alhamis ya aiko cewa askarsa ta dakushe, bai sake zuwa ba. A kasuwa mutane suka riƙa kewaye rumfarsa. Wa zai sayi yadin da kuturu ya auna da hannunsa? Wata mata ta dawo da turmin atamfar da ta saya tun kafin azumi, ta jefo shi daga nesa. Matan da suke shigowa ɗibar wuta da aron taɓarya suka ɗauke ƙafa. A bakin rijiya in na ajiye guga sai in ga an janye na kusa da shi. Baba Illo, da ya ji gaskiyar abin da ya hana a ba shi hannu, ya zo ya tsaya a ƙofa ya yi kuka, ya ce a yafe masa, amma bai shigo ba. A masallacin Juma'a aka riƙa bar wa babanku fili dama da hagu, kamar an zagaye shi da ƙaya, har ya gaji ya koma yin sallarsa a gida.

Bayan an yanke gero Inna ta zo daga Urno, ita da wana, Yaya Sani. Na ji sallamarsu na fito da gudu da ƙwaryar ruwa. Sun sha hanya, leɓunanta sun bushe, amma ta dubi ƙwaryar ta kau da kai. Ta ƙi taka zauren. A tsaye muka yi magana, a rana, maƙwabta suna leƙe.

"Ɗauko mayahinki da ɗiyanki," ta ce. "Kar ki ɗauko komi na gidan ga, ko cokali."

"Inna, shina shan magani. Likita ta ce ba ya sa ma kowa."

"Likita ce ta haihe ki? Ni na ga masu wanga ciwo tun ba a yi ki ba. Kina son in zo in tarad da ke ba yatsu?"

Muna cikin haka babanku ya fito. Ya sa farar riga, ya naɗa rawani da ƙyar da hannu ɗaya, naɗin ya karkace. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ya ce mata ita ke da gaskiya, ya yarda, ta tafi da ni da yaran, in Allah ya ba shi lafiya ya zo biko. Yaya Sani ya kama hannun Isufu. Ke ta fari, ba ki kai shiga lakwal, makarantar boko, ba a lokacin, kika ruga kika ƙanƙame gefen rigar babanku kina kuka, Inna ta yi salati da ƙarfi kamar kin faɗa wuta. Ban taɓa musa wa Inna magana ba tun da nake. Ranar na ji bakina yana cewa:

"Yaya, sake shi. Inna, ki gahwarce ni, ba ni zuwa."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta gyara lulluɓinta.

"To ni ba ni da ɗiya a Keita," ta ce.

Kuma ta riƙe maganarta. Ba ta sake taka gidana ba, ba ta sake cin abin da ya fito daga hannuna ba. Da salla babanku ya zaɓi atamfa mafi kyau cikin abin da ya rage a rumfa, ya ce in naɗe ta da kaina in aika mata. Wanda ya kai ya dawo ya rasa yadda zai gaya min, sai daga baya na ji cewa da sanda ta ɗaga ta, ta kai bayan gida ta cinna mata wuta. Ko bayan ya warke, fatarsa ta washe, na je Urno ni kaɗai, ta amsa gaisuwata daga cikin ɗaki, labule a sake. Da ta rasu sai bayan an rufe ta aka aiko min. Ba na so ku riƙe ta a zuci. Tsoro ne, irin wanda ni ma na ji a ɗakin nan, ita dai ba ta sami wanda ya cire mata shi ba. Amma kun sha tambayata me ya sa ba ku da gidan kaka kamar sauran yara. Dalilin ke nan, kuma ni na zaɓa da bakina.

Rumfar ta mutu. Da damina ta sake zagayowa muka tattara muka koma Madawa, inda ba wanda ya san mu, na riƙa auna yadi shi yana ciniki, a can aka haifi Auta, sauran kuma kun sani. Amma kafin mu bar Keita akwai wata Juma'a da nake so ku sani.

Bazara ta dawo, zafi ya kai inda ya kai bara. Ranar Alhamis da la'asar sai ya miƙo min reza.

"Gobe masallaci za ni. Yi min aski."

Ban taɓa aske kan mutum ba. Na yanke shi a ƙeya, na yanke shi bayan kunne, yana cewa ai wannan wurin da ransa, in yi a hankali. Da safe ni na yi gugar, domin yatsunsa biyu sun riga sun lanƙwashe, kuma majo ta hana shi kusantar wuta. Ya zauna a gefe yana ba ni umarni, nan kin bar wuri a yamutse, can kin danne surfanin wuya. Rigunan maɓalli ya ce in kyautar da su in akwai mai karɓa. Ya sa tsohuwar babbar rigarsa ta boyel mai faɗin hannu, wadda in ya ɗaga hannu kowa zai ga abin da ke ciki. Ya ɗiga turare ɗigo ɗaya. Na naɗa masa rawani yana gyara min, kunnuwa a waje. Safa kam ya sa, fara ta auduga, da takalmi mai taushi, don ƙasar ranar tana iya gasa masa ƙafa bai sani ba. Na ce ya bari mana sai ya gama maganin, me zai je ya tarar in ba wulaƙanci ba. Ya ce ya gaji da ɓuya, ɓuyar ce ta ci masa hannu. Na raka shi zaure na tsaya ina kallonsa yana tafiya a tsakiyar hanya, fari tas, baƙar fuskarsa a sama, mutane suna darewa.

Da aka sauko na ji shigowarsa. Bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba. Ya wuce ya zauna a gindin dogon yaro, bai ko tuɓe rigar ba, ya ɗora hannunsa na hagu a kan gwiwa yana kallo. Na ce me suka yi maka.

Ya ce cikin masallaci ya cika, a waje ya samu wuri, a rana. Kamar kullum, na dama ya matsa, na hagu ya matsa. Har an tada iƙama sai ga wani baƙo, Buzu mai raƙuma da ya shigo gari neman gero, ya zo a makare yana haki. Ya hangi fili, ya faɗa ciki, ya haɗa kafaɗarsa da ta babanku, ya haɗa ƙafa da ƙafa. Ba wanda ya sami zarafin gaya masa komai. Da aka sallame, mutumin ya juyo ya kama hannun babanku da hannuwansa biyu, har da na hagun, ya girgiza, ya tambaye shi gida da iyali. Sannan ya murza gefen rigar tsakanin yatsunsa, ya ce da karyayyar Hausarsa, wannan tufa ba ta riƙe zafi, a ina ake samun irinta?

Yana ba ni labarin yana dariya, hawaye suna sauka cikin gemunsa. Na ce to ai sai ka gode Allah. Ya ɗaga hannun ya nuna min, kamar akwai wani abu a kai da zan iya gani.

"Ya daɗe shina riƙe da shi, Dije," ya ce. "Ban ji komi ba. Amma na gani da idona."